Ƙadangarun tsibiri daban suke da na tudu, ko idona ne ke mini gizo?

Maijirgi_Tarkwa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ɗauke ta da wasa. Sana'ata jigilar mutane da kaya a ƙaramin jirgin ruwa daga tashar CMS a Legas zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, iyalina kuma suna Agege. Na jima ina lura cewa ƙadangarun can bakin teku ba su kai na Agege jiki ba, sannan ba su cika tsoron mutum ba. Jan gwadan Agege kafin ka ɗaga ƙafa ya haye katanga. Na Tarkwa kuwa har ka kusa taka shi yana nan yana gyaɗa kai. Wani fasinja ya ce mini wai haka abin yake ko'ina a duniya, duk ƙadangaren da ruwa ya raba shi da danginsa, zuriyarsa za ta yi ta sauyawa har ta zama wani iri na daban. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ke sauya su, iskar gishiri ce ko abinci?

Dan_Agege77
Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai ƙoshi ne kawai. Agege ga mayanka, ga kasuwa, ga bola, ƙuda da kyankyaso ba sa yankewa. Mai cin wannan dole ya fi na cikin rairayi ƙiba. Batun tsoro kuma, yaran unguwarmu da danƙo suke kwana. Ƙadangaren da ya tsaya gyaɗa kai a Agege ba ya ganin la'asar.

Malama_Bayoloji
Dan_Agege77, ƙanena, maganarka ta ƙarshe ita ce gundarin zancen. Wanda ya tsaya ba ya ganin la'asar, wanda ya ruga shi ke rayuwa har ya bar 'ya'ya. To in saurin nan da tsoron nan abu ne da ake gada, bayan haihuwa da yawa sai ka tarar duk unguwar masu gudu ne. Shi ne zaɓin yanayi da muke koyarwa a aji. Ba ƙadangare ɗaya ne ke rikiɗa yana raye ba. 'Ya'yan uwa ɗaya ma ba sa zuwa daidai, wani ƙafarsa ta ɗan fi tsawo, wani kansa ya ɗan fi faɗi. Wurin zama ne ke tace su, mutuwa ta ɗauki wasu da wuri, wasu su hayayyafa.

Ruwa kuma aikinsa hana cuɗanya. A tudu, ko wata unguwa ta tace nata, baƙi za su shigo daga maƙwabta a yi barbara, bambancin ya narke. A tsibiri mai nisa babu mai shigowa, sai abin da aka tace ya yi ta taruwa.

Ga misalin da ɗalibaina suka fi so. A 1971 masu bincike suka ɗebi ƙadangaru goma, maza biyar mata biyar, daga wani ɗan tsibiri mai suna Pod Kopište a tekun Adiriyatik, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau, suka sake su a wani tsibirin da ke kusa, Pod Mrčaru. Aka bar su can shekara da shekaru. Da Anthony Herrel da abokan aikinsa suka je suka auna jikokinsu, suka fitar da sakamako a 2008, abin ya ba kowa mamaki. Kakannin kusan ƙwari zalla suke ci. Jikokin kuwa a lokacin zafi ganye ya haura rabin abincinsu. Kawunansu sun ƙara girma, cizonsu ya ƙara ƙarfi, domin tsinke ganye da tauna shi sai da muƙamuƙi mai ƙarfi. Da aka duba hanjinsu sai ga wasu 'yan ninke-ninken tsoka da ke tsayar da abinci ya ɗan jima a ciki don ganye ya narke, abin da babu shi a hanjin danginsu na tsibirin farko. Duk wannan cikin shekara 36.

Direban_Tirela
Malama, shekara 36 kika ce? Ni na ɗauka irin wannan abu sai dubban shekaru.

Malama_Bayoloji
Malam Direba, ba da shekarun mutum ake lissafin ba, da yawan haihuwa ake yi. Waɗannan ƙadangarun suna balaga da wuri, shekara 36 ta kai musu wajen haihuwa talatin.

Dalibi_Akoka
Anti Malama, ina gaisuwa. Labarin nan haka yake, amma akwai inda su kansu masanan suka daɗe suna ja. Nawa ne daga cikin sauyin aka gada, nawa ne kuma abinci da wurin zama suka yi wa jikin yana tasowa? Domin jiki kan lanƙwasa ba tare da ƙwayoyin gado sun taɓu ba. A Bahamas an saki wasu ƙadangaru da ake kira Anolis a ƙananan tsibirai 14, a 1977 da 1981. Inda aka ɗebo su akwai manyan itatuwa, inda aka kai su sai 'yan tsirrai masu siraran rassa. Bayan shekara goma da 'yan kai aka tarar ƙafafunsu na baya sun gajarce, kuma gajeriyar ƙafa ita ta fi dacewa da tafiya a siririn reshe. Daga baya Jonathan Losos, wanda yana cikin masu binciken, ya reni 'ya'yan irin ƙadangaren a keji, wasu a kan faffaɗan katako, wasu a kan siraran sanduna. Sai ga na kan sandunan sun tashi da gajerun ƙafafu alhali duk iri ɗaya ne. Saboda haka ganin bambanci da ido bai isa hujjar gado ba.

Kuma kada mu raina abin da muhalli ke yi wa jiki kai tsaye. A jikin wannan jan gwadan namu aka fara gano cewa zafin ƙasar da aka binne ƙwai a ciki na iya yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace. Wata masaniya, Madeleine Charnier, ita ta gano haka a Dakar a 1966.

Dan_Agege77
To kun gani. An je Turai an je Bahamas, an dawo kan maganata ta ƙoshi.

Baba_Obalende
Yara, ni irin wannan zance yana sa ni fargaba. Allah ne ya halicci kowane abu ya ba shi siffarsa. Kada garin kallon ƙadangare ku kai kanku inda za a ce muku ɗan Adam ba daga Annabi Adamu ya fito ba.

Almajirin_Alabarago
Baba, Allah ya ƙara girma. Fargabarka tana kan hanya, kuma da an taɓo asalin ɗan Adam ni ne zan fara tsayawa tare da kai. Amma abin da ake faɗa a nan abu ne da aka sa ma'auni aka auna, tsawon ƙafa, faɗin kai, wane ya mutu, wane ya haihu. Allah yana gudanar da al'amuransa ta sababi, kuma sanin sababi ba ya kore Mai sababin. An umarce mu ma da mu duba halitta mu yi tunani.

Nas_Idiaraba
Baba, mu a asibiti kullum muna tare da wannan abu. Ka tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu uku? Me ya sa aka daina dogaro da shi, har Najeriya ta koma haɗin magungunan da ake ba da wa yanzu tun wajen 2005? Maganin ya yi ta kashe ƙwayoyin cutar da ba su jure masa, 'yan kaɗan masu jurewa suka tsira suka hayayyafa har suka mamaye. Haka sauro ma yake yi wa maganin feshi. Tacewar ɗaya ce, sai dai su haihuwarsu ta fi ta ƙadangare sauri nesa ba kusa ba.

Baba_Obalende
Na ji, 'yata. Wannan na gani da idona. Amma a tsaya a kan ƙadangare da sauro.

Dillali_OkoOba
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma shanu na sani. Duk wanda ya taɓa ganin Kuri, shanun Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, ya san ruwa na raba iri. Farare ne akasari, ba su da tozo, ƙahonninsu kumbura-kumbura, kuma suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Ka fito da su tudu mai ƙura da nisan mashaya, wahala suke sha. Yanzu da tafkin ya ja baya, makiyaya masu shanun tozo suka matso, ana ta gauraya, samun Kuri tsantsa sai an tona. Ina ganin shi ne abin da Malama ke nufi da cewa in baƙi na shigowa bambanci narkewa yake yi.

Malama_Bayoloji
Alhaji, shi ne kuwa. Sai dai a shanu makiyayi ma yana da hannu, shi ke zaɓar bijimin da zai bari. Ƙadangare ba shi da makiyayi sai yunwa da shaho da maciji.

Kilak_Apapa
Bari mu dawo kan tambayar Maijirgi, domin ni inda nake da ja shi ne kiran tsibiran Legas keɓaɓɓu. Wane keɓewa? Gadar Carter tun 1901 take haɗa tsibirin Ikko da tudu. Ga gadar Eko, ga Third Mainland da aka buɗe a 1990. Victoria Island an cike fadamar da ke gefenta har ta manne da Lekki. Tarkwa kanta rairayin da take kai ya miƙe yamma har wajen Badagry. Sannan kullum jiragenku na kai bulo, katako, itacen girki, buhunan gawayi. A tashar jiragen ruwa ta Apapa na sha ganin an buɗe kwantena tsaka ta fito daga tsakanin kwalaye, ko a ɗaga katakon da aka ɗora kaya a kai a ga ƙwanta 'yan farare a maƙale a lungu. Tsakar gidajenmu ta Afirka yanzu tana Barazil da tsibiran Karibiyan. Jan gwadan Afirka ta Yamma ya kafa zuriya a jihar Florida ta Amurka tun shekarun 1970, ta hanyar masu cinikin dabbobin kiwon gida. Dabbar da ta ƙetare Atilantika, tsallaka mashigar jiragen ruwan Legas ne zai gagare ta?

Maijirgi_Tarkwa
Wannan kam haka ne, Malam Kilak. Ana yawan samun ƙadangare a cikin itace ko ƙarƙashin tamfol in mun sauke kaya. Har da damina ma, in kainuwa ta rufe ruwa tana tafiya da tarkace, nakan ga ƙananan halittu a kai.

Dalibi_Akoka
Yaya Maijirgi, wannan da ka gani a kan kainuwa ita ce hanyar da ƙadangaru suka bi suka isa tsibirai masu nisa tun kafin a ƙera jirgi. An ma taɓa kama abin yana faruwa. A 1995, bayan mahaukatan guguwa biyu, Luis da Marilyn, masunta a tsibirin Anguilla na Karibiyan sun ga tarin itatuwan da guguwa ta tumɓuke ya iso bakin gaɓa ɗauke da iguwana aƙalla 15. Wani babban ƙadangare ne mai cin ganye, kuma wannan koren nau'in nasa babu shi a tsibirin kafin nan. Ana kyautata zaton daga Guadeloupe suka taso, tafiyar kusan kilomita 300 a kan teku. Bambancin shi ne a can irin wannan isowa sai an daɗe ƙwarai kafin ta sake faruwa, a Legas kuwa kullum ce.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku dubi tsibiran da ke kudu da mu a mashigin tekun Gini. Bioko ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda iyayenmu suka sani da Fernando Po, kilomita 32 ce kacal daga gaɓar Kamaru, kuma lokacin da ruwan teku ya yi ƙasa a zamanin ƙanƙara haɗe take da tudu. Ba ta rabu ba sai wajen shekara dubu goma da suka wuce. Shi ya sa yawancin dabbobinta irin na Kamaru ne. Sao Tome da Principe da Annobon kuwa aman wutar dutse ne ya fito da su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da Afirka ba. Ire-iren ƙadangarunsu kaɗan ne, amma cikinsu akwai tsaka da kulɓa waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Tsakar Sao Tome ma daban take da 'yar'uwarta ta Principe.

Ummu_Hanan
Tunda an ambaci tsaka, don Allah ku warware mini. Gaskiya ne in ta faɗa cikin miya guba ce? Surukata ba ta yarda a bar ko ɗaya a ɗakin girki.

Nas_Idiaraba
Maman Hanan, tsaka ba ta da dafi. Amma kashinta, kamar na sauran ƙadangaru, na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da zazzaɓi. A rufe abinci, a wanke kwanon da ya kwana a buɗe, abincin da ta faɗa ciki kuma a zubar. Mama tana da gaskiya ta wannan fuskar.

Direban_Tirela
Ni abin da na gani a talabijin shi ne wani damo na Indonesiya mai kashe barewa. Ashe ke nan tsibiri girma yake sawa, ba ƙanƙanta ba kamar yadda Maijirgi ya ce?

Malama_Bayoloji
Damon Komodo ke nan, yakan kai mita uku. Amma ƙasusuwan da aka tono sun nuna kakanninsa da girmansu suka taso daga Ostireliya, ba tsibirin ne ya ƙirƙira masa shi ba. Abin lura shi ne a ƙananan tsibiran yankin, inda manyan dabbobin da zai farauta suka yi ƙaranci, shi ma bai kai girman na manyan tsibiran ba. Tsibiri ba shi da doka ɗaya. Wani wurin yakan fitar da ƙato, kamar ƙadangaren tsibirin Gran Canaria na Sifaniya mai kai santimita 80. Wani wurin kuma ɗan mitsitsi, kamar hawainiyar tsibirin Nosy Hara na Madagaska da aka bayyana a 2012, wadda tsawonta har wutsiya bai wuce santimita uku ba. Ya danganta da abin da ake ci, da mai cin ka, da wanda kuke gasar abinci da shi.

Injiniya_Lekki
Akwai wani bincike da ya fi kowanne burge ni, kuma ina ganin yana amsa ƙorafin Dalibi kan gado. A 2017 wani mai suna Colin Donihue da tawagarsa sun je wasu ƙananan tsibirai biyu a Turks da Caicos, kusa da Bahamas, sun auna ƙadangaru, don wani aiki na daban. Sun bar wurin da 'yan kwanaki sai guguwar Irma ta afka, Maria ta biyo bayanta. Bayan mako shida suka koma suka sake awo. Waɗanda suka tsira, tafin yatsunsu mai mannewa ya fi faɗi, ƙafafun gaba sun fi tsawo, na baya kuma sun fi gajarta idan aka kwatanta da awon farko. Don su gane dalili, sai suka ɗora ƙadangare a kan sanda suka kunna masa injin hura iska irin na share ganye, da raga a baya don ta tare shi. Iska na ƙaruwa sai ƙafafun baya su fara suɓucewa, cinyoyin su tare iska, ya rage yana rataye da na gaba kawai. Mai dogayen cinyoyi shi iska ke fara fizgewa. Ba su tsaya nan ba, suka sake komawa bayan an yi sabuwar haihuwa, suka tarar 'ya'yan ma da faffaɗan tafin yatsu suka zo. Ka ga nan ba ƙoshi ba ne, ba kuma reno ba ne. Dare ɗaya guguwa ta tace su, 'ya'ya suka gada.

Dan_Agege77
Wannan na yarda da shi, Injiniya. Amma mu a Legas ina muka ga irin wannan guguwa?

Dalibi_Akoka
Akwai kuma abu na uku da ba a ambata ba, wato sa'ar waɗanda suka fara sauka. In ƙadangaru biyu kacal suka kafa zuriya, duk abin da ke jikinsu shi jikoki za su ɗauka, ko yana da amfani ko babu. An gwada wannan ma a Bahamas. Guguwar Frances ta 2004 ta share ƙadangarun wasu 'yan tsibirai kusa da Abaco. A 2005 masu bincike suka kai namiji ɗaya da mace ɗaya kowane tsibiri, guda bakwai. Cikin 'yan shekaru ƙafafun baya sun gajarce a duka bakwai ɗin saboda siraran rassa. Amma tsibirin da aka kafa da iyaye masu dogayen ƙafafu ya ci gaba da fin sauran tsawon ƙafa. Wato tacewa na aikinta, tambarin iyayen farko kuma bai goge ba. Don haka in ka ga tsibirai biyu sun bambanta, ba lallai ne kowane bambanci yana da wata hikima ta muhalli ba.

Maijirgi_Tarkwa
Na gode ƙwarai, jama'a, ina ta karantawa tsakanin lodi da lodi. Amma batun rashin tsoron fa? Shi ne ya fi tsaya mini a rai. Girman jiki zan iya cewa ƙoshi ne kamar yadda ƙanena na Agege ya dage. Tsoro kuwa?

Malama_Bayoloji
Malam Maijirgi, rashin tsoro a tsibirai sanannen abu ne. Masanin halittu Charles Darwin da ya je Galapagos a 1835, tsibiran da ke nesa da gaɓar Ekwado da wajen kilomita 1,000, ya tarar da iguwanar da ke nutso cikin teku tana cin gansakuka, kuma ba ta san gudun mutum ba. Inda babu mai cin ka, gudu asara ce, ka bar abinci, ka bar hantsi, ka ƙona ƙarfinka a banza. Sai mai natsuwa ya fi mai firgita ƙiba da 'ya'ya. Amma wannan a wurin da aka yi dubban haihuwa babu kyanwa babu mutum ke nan. Tarkwa akwai kyanwa, akwai karnuka, akwai shaho. Na fi zaton naka sabo ne. Masu zuwa shan iska suna zubar da ɓurɓushin abinci, ƙuda ya taru, babu mai jifa, sai ƙadangare ya koyi cewa mutum ba abin gudu ba ne. Je ka wurin mai shayi a kowace unguwa ka ga yadda suke zuwa har gindin benci.

Sannan a kula da awon ido. Jan kan nan na babban namiji mai mulkin wuri ne. In ya tsorata ko gari ya yi sanyi launin dusashewa yake yi, ƙananan maza kuma kusan kamar mata suke. Kana iya kwatanta babban namijin Agege da saurayin Tarkwa ba ka sani ba.

Injiniya_Lekki
Malama, ni ban yarda a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Malam Kilak ya ce babu keɓewa, na yarda. Amma in tacewa ta yi ƙarfi, bambanci kan fito ko da ana cuɗanya. A tsibirin Tenerife na Sifaniya, ƙadangare iri ɗaya ne amma launi da zanen jikin mazan arewa, inda ake samun damshi da gajimare, daban yake da na kudu mai fari, kuma babu teku a tsakaninsu. A Puerto Rico kuma Kristin Winchell ta nuna a 2016 cewa ƙadangarun cikin birane sun fi na daji dogayen ƙafafu da yawan ɓawon mannewa a yatsu, saboda gudu a fili da hawan bango mai santsi. Ta reni 'ya'yansu a wuri ɗaya, bambancin bai ɓace ba. To ku dubi gine-ginen da muke yi yanzu a Lekki da Ikoyi, tayil, gilashi, fenti mai sheƙi. Jan gwada da farce yake hawa, ba shi da tafin mannewa irin na tsaka. Na ga wani ya taso a guje ya dafe katangar tayil, farcen na ƙarar karce yana zamewa har ƙasa, sai da ya zagaya ta inda bulo yake tsirara. A Agege bulo marar shafe ya fi yawa. Wa ya san abin da wannan ke tacewa?

Kilak_Apapa
Injiniya, da sharaɗin mai zamewar yana mutuwa ko yana rasa mata fiye da wanda ba ya zamewa. In zagayawa kawai yake yi ya hau ta wani gefen, babu abin da aka tace.

Dalibi_Akoka
Daidai, Malam Kilak. Kuma ana iya gwadawa ba da kuɗi mai yawa ba. A kama manyan maza kamar talatin a kowane wuri, a auna daga baki zuwa gindin wutsiya, domin wutsiya kan guntule ta ɓata lissafi. A auna cinya da faɗin kai. Na tsoro kuma, mutum ɗaya ya riƙa tunkararsu da tafiya iri ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, a auna tazarar da ta rage kafin su ruga. Mai wuyar shi ne na ƙarshe, a samo ƙwai daga wuraren biyu a ƙyanƙyashe su a ɗaki ɗaya, zafi ɗaya, abinci ɗaya. In 'ya'yan sun tashi daban, gado ne. In sun tashi iri ɗaya, Dan_Agege77 ya ci gari.

Baba_Obalende
In za ku kama su ku auna, ku sake su da ransu. Ba su yi muku komai ba.

Malama_Bayoloji
In sha Allahu, Baba. Wannan ma ya tuna mini da ɓangaren da ke sa ni baƙin ciki. Keɓewar da ke fitar da irin da babu kamarsa ita ce kuma ke barin sa ba kariya. Tsibiran Kef Bade da ke teku yamma da Senegal sun taɓa samun wata ƙatuwar kulɓa da babu irinta a duniya. Mutane suka ci, aka shigo da kyanwa da ɓeraye, fari ya ƙara, tun farkon ƙarni na 20 ba a sake tabbatar da ganinta ba. Babban ƙadangaren tsibirin El Hierro na Sifaniya shi ma an ɗauka ya ƙare, sai a shekarun 1970 aka gano 'yan kaɗan a wani tsauni mai wuyar hawa, yanzu kiwonsu ake yi ana mayarwa. Dabbar da ba ta gaji tsoro ba, kyanwa ɗaya ta ishe ta.

Maigadi_EkoAtlantic
Salam. Ina bin zancen nan tun farko ban ce komai ba. Inda nake gadi, shekara ashirin da suka wuce teku ne, yashi aka zuƙo daga ƙarƙashin ruwa aka cike. Yau jan gwada na nan birjik a kan manyan duwatsun da aka jera don tare igiyar ruwa. Ko daga Victoria Island suka gangaro, ko tirelolin da suka kawo duwatsun daga tudu ne suka zo da su?

Direban_Tirela
Malam Maigadi, duka biyun na iya yiwuwa. Mu da ke lodin dutse mun san wurin fasa dutse gidan ƙadangaru ne, kuma ba mai bincika tsakanin duwatsu kafin mota ta tashi.

Dalibi_Akoka
Gwajin ƙwayoyin gado zai iya rarrabewa, in aka ɗauki ɗan guntun wutsiya daga nan, da Victoria Island, da wuraren fasa dutsen. Malam Direba, daga wace jiha kuka fi ɗauko lodin?